Ƙugiya a Muryar Hamma

Hamma, yayana, yana iya yafe wa mutum kusan komai, ban da a rubuta masa Hausa babu ƙugiya. Idan na aika masa saƙo a waya na ce "baki sun zo", sai ya amsa da tambayar bakin wa, kuma da haƙora ko babu. Sai na koma na gyara, na rubuta "baƙi" da ƙ ɗinta mai lanƙwasa, sannan zai ce to ga shi nan tafe. Na sha yin fushi da shi a kan wannan. Mutum yana sauri, tuwo yana kan wuta, shi kuma yana can shagonsa a unguwar Arawa yana yi wa haruffa shari'a.

Saƙon murya kuwa bai taɓa aika wa kowa ba. Cewa yake yi aikin malalata ne, wanda ya iya rubutu ya rubuta. A bikin dangi shi ke riƙe da waya yana ɗaukar kowa hoto, bakinsa a rufe. A lokacin abin dariya muka ɗauki wannan hali nasa. Ranar da babur ya zame da shi a hanyar Gabukka ana tsakiyar ruwan sama, wayarsa da kwamfutarsa suna cikin jakar da ke bayansa, duka suka tafi tare da shi. Bayan an share makoki na bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya. Rubutunsa na samu fal, kowace ƙugiya a mazauninta, amma babu inda ya bar mana ko da tari.

Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai sha wahalar gane abin da wannan yake nufi. Inna Bafulatana ce mai riƙe da fulako da hannu biyu, kuma a wurinsu ɗan fari ba a nuna masa so, ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. Tun da aka yaye Hamma kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, a cikin gida ɗaya nan unguwar Madaki. Kakar yake kira Inna. Wadda ta haife shi kuma, da ya ji ƙannenta suna ce mata Adda, shi ma sai ya kama, kuma babu wanda ya gyara masa. Har ya yi gemu Adda yake ce mata. Ita kuma idan dole ta ambace shi, sai ta ce mini "yayanki".

Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarma da carbi, mata suna shigowa suna fita, suna cewa kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri, ka ga 'yar asali. Ni kuwa ina kwance a ƙasa ina birgima, ina jin su, raina yana ƙuna. Na tsani yabon nan nasu. Na so in tashi in ce musu ku fita ku bar mata ɗaki ta yi ihu, ɗanta ne, ba ɗan maƙwabta ba. Ita ma na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wace irin kunya ce wannan da ko mutuwa ba ta karya ta.

Baffanmu, wato mahaifinmu, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa, yayyena mata suna gidajen aurensu, sai gidan ya koma daga ni sai ita. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa. Bayan rasuwar Hamma na dama ma ya fara ja da baya, sai an ɗaga murya, sai an tsaya ta ɓangaren da take ji. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce abin zai ci gaba da raguwa ne, sai dai a rage masa sauri.

Wata rana da la'asar muna tsinke zogale a tsakar gida, ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Auta."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Yayanki, muryarsa mai kauri ce ko siririya?"

Na saki reshen da ke hannuna. Na zaci ban ji daidai ba.

Ta ce, "Fuskar tana nan. Muryar ce nake nema ba na samu. Da na kamo ta sai ta koma ta Baffanku."

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kansa. Na ce mata mai kauri ce, tana da ɗan gurnani idan ya tashi daga barci. Ta gyaɗa kai kamar na gaya mata farashin gishiri. Amma na gane abin da take roƙo, wanda bakinta ba zai iya faɗa ba. Tana so ta ji shi ko sau ɗaya kafin kunnen ya rufe.

Washegari na tafi Arawa. Hamma ya haɗa shago da wani abokinsa, ɗan Ibo haifaffen Gombe mai gyaran waya, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gidanmu daɗi. Tun suna makarantar sakandare suke tare. Na tambaye shi ko yana da wani abu da muryar Hamma a ciki. Ya binciki wayarsa har ya gaji, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ƙanwata, kin san mutumin naki. Ko ni rubutu yake mini, alhali ga ni ga shi a shago ɗaya." Sai ya dafa goshi. "Tsaya. Ai akwai abin nan da yake korata waje a kansa. Da rana tsaka zai kashe fanka, ya rufe ƙofa, ya ce in je in sha iska, wai zai ɗauki murya. Zafi kamar ya kashe mutum, shi yana ciki yana magana shi kaɗai."

Ya jawo aljihun teburin Hamma, wanda ya ce bai iya buɗewa ba tun ranar, ya tono wani ƙaramin filash daga cikin tarkacen wayoyi. Ya sa mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai da nasa hannun, ya juya baya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Na san aikin da yake nufi. Hamma ya daɗe yana haɗa ƙamus na Hausar Gombe, kalmomin da muke faɗa a nan waɗanda Bakano zai ji ya ce me, da waɗanda muka aro daga Fulatanci da Teranci da Tangalanci. Burinsa mutum ya taɓa kalma ya ga ma'anarta, ya kuma ji yadda ake furta ta. Ban san ya kai ga ɗaukar muryar ba, kuma ban san tasa ya yi amfani da ita ba. Bai sa shafin a intanet ba. So yake ƙamus ɗin duka ya zama fayil guda ɗaya, wanda za a tura daga waya zuwa waya, a buɗe shi a burawza, manhajar buɗe shafukan intanet, ko babu data, don ya ce mutanen da suka fi bukatarsa su ne marasa data.

A wurinsa na koyi rubuta shafukan intanet, kuma da shi nake ɗan samun na sabulu, ina yi wa makarantu da masu shaguna. Don haka na san dabarar da ya bi. Fayil irin wannan rubutu ne zalla, murya kuwa ba rubutu ba ce. Idan ana so a cusa ta a ciki, sai a mai da ita haruffa ta wata hanya da ake kira base64. Alamomi sittin da huɗu kawai hanyar ta sani: manyan haruffan Turanci da ƙanana, da lambobi, da wasu alamomi biyu. Kowane haruffa huɗu suna ɗauke da ɗan gutsuren sauti. Idan ka dube su ba ka ganin komai sai shirme, layi bayan layi. Amma burawza tana da wani umarni mai suna atob, wanda ke karɓar shirmen ya mai da shi abin da yake tun asali. Kamar busasshiyar kuɓewa ce, an daka ta don ta yi tafiya, a can a zuba mata ruwa ta koma miya.

Na koma gida, na shige ɗaki, na sa filash ɗin a kwamfutata. Shafin ya buɗe. Ga kalmomi a jere, ga ma'anoni, ga ɗan hoton lasifika a gefen kowace. Na taɓa ta farko. Shiru. Na taɓa ta biyu, na ƙara sauti har ƙarshe. Shiru. Na buɗe wurin da burawza take faɗin abin da ke damunta, na ga jan rubutu. Atob ta ƙi karɓa, ta ce abin da aka ba ta ba a rubuta shi daidai ba.

Na duba yadda ya tsara abin, sai na gane girman matsalar. Bai raba muryar kalma-kalma ba. Duka ya haɗa ta a dogon zare guda, kowace kalma an rubuta mata inda take farawa da inda take ƙarewa. Dabara ce mai kyau, amma ma'anarta ita ce idan wuri ɗaya ya lalace, duka zaren ya tsaya. Ita kuma atob ba ta da sassauci. Harafi ɗaya baƙo a cikin miliyoyi ya isa ta watsar da aikin gaba ɗaya, kuma ba za ta gaya maka inda yake ba. Na ce lallai wannan umarni da Hamma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ban gaya wa Inna komai ba. Ba na so in ɗaga mata rai sannan in sake ta. Kwanaki na yi ina fama tsakanin girki da wanki da ɗaukewar wuta. Na fara zargin cewa fayil ɗin bai gama kwafuwa ba, na gangara can ƙarshen zaren, na tarar da alamar rufewa tana nan daram. Na ƙirga haruffan, suka rabu huɗu-huɗu babu saura, wato babu wanda ya faɗi. Na zargi filash ɗin, na koma wurin abokin Hamma ya gwada shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. A cikin kwanakin nan Inna ta fara tambayata ko an kira salla, alhali masallacin yana bayan katangarmu. Duk lokacin da ta tambaya sai in sake komawa kan kwamfutar.

Ranar da na gano abin, da hantsi ne, ina zaune a bakin ƙofar ɗaki saboda zafi. Na daina zato, na rubuta 'yan layuka na ce wa burawza ta bi zaren daga farko har ƙarshe, ta nuna mini duk harafin da ba ya cikin sittin da huɗun nan. Ban yi tsammanin samun komai ba. Sai ga amsa ta fito, jeri mai tsawo. Na taɓa na farko, allon ya yi tsalle zuwa tsakiyar shirmen, ya haska mini wuri ɗaya. A tsakanin haruffan da ba su da kai ba su da gindi, ga kalma zaune, cikakkiya, da ƙugiyarta: ɗaki.

Na zura mata ido. Na taɓa na gaba: ɗaya. Na gaba: ƙofa. Na gaba: ɓera. Sai ɗaki kuma.

Nan take na tuna. Hamma yana da wani ɗan shiri da ya rubuta da kansa, yana alfahari da shi kamar ɗan da ya haifa. Yana kiransa mai ƙugiya. Aikinsa shi ne ya bi rubutu, duk inda ya ga kalmar da aka hana wa ƙugiyarta, ya maƙala mata. Matsalarsa zari. Ba ya tambayar ko kalma ce ko tsakiyar wata kalma ce. Akwai ranar da ya bi ta kan adireshin gidanmu ya mai da Madaki ta zama Maɗaki, na yi ta tsokanar Hamma har ya daina kula ni. Ya ce zai gyara shi, kuma ga alama bai samu ya gyara ba. Ya saki mai ƙugiya a kan fayil ɗin ƙamus gaba ɗaya, don kada kalma ko ɗaya ta fita tsirara. Shi kuma ya bi ma'anoni ya gyara, sannan ya zarce cikin zaren muryar. A cikin miliyoyin haruffa dole wani wuri d da a da k da i su haɗu bisa tsautsayi, kuma duk inda suka haɗu ya maƙala musu ƙugiya. Na duba ranar da aka adana fayil ɗin na ƙarshe, jajibirin rasuwarsa ce. Bai samu ya sake buɗewa ya ga abin da ya faru ba.

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Na yi masa faɗa da ƙarfi kamar yana tsaye a kaina. Na ce Hamma, garin neman gira ka rasa ido. Na ce kai da ƙugiyarka, ga shi ka maƙale muryarka da hannunka, uwarka tana nema. Inna tana can gindin murhu, ba ta ji ni ba.

Gyaran ba shi da wuya, a ido. Duk ɗ ta koma d, duk ƙ ta koma k, duk ɓ ta koma b. Amma na daɗe yatsana yana kan maɓalli ban danna ba. Ni ce zan bi aikin Hamma ina cire masa ƙugiyoyi, abin da ya ƙi jini a duniya. Na ji kamar ina cire masa hula a gaban mutane. Na ce ya yafe mini, na danna.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa. A tsarin base64 babban harafi daban, ƙarami daban, kowanne da gutsuren sautin da yake ɗauke da shi. Mai ƙugiya bai damu da wannan ba. Ko ya tarar da haruffan manya ne, ko gauraye, duk ƙanana ya mai da su. Yadda suke tun farko ya tafi, babu inda aka ajiye shi, babu wanda zan tambaya. Na san duk wurin da ƙugiya ta taɓa zama, sautin zai sami tabo.

Na sake ba atob zaren. Wannan karon babu jan rubutu. Na juya abin da ta ba ni zuwa tsabar sauti, na miƙa wa burawza, na sa abin ji a kunne, na ce ta fara daga farko.

Ƙarar titin Arawa na fara ji, hon ɗin keke daga nesa. Sai gyaran murya. Sai ya ce, "Bismillah. Gwaji."

Ban san lokacin da na zame daga kan kujera na zauna a ƙasa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne muryar ba mai kauri ba ce. Matsakaiciya ce, har da ɗan siranta a ƙarshen kalma. Ni da na ba Inna amsa da gadara, ashe ni ma ta fara zame mini, ban sani ba.

Kowace kalma sau biyu yake faɗinta. Na farko a miƙe, kamar malami a aji. Na biyu yadda ake faɗinta a gida. Burtali. Kindirmo. Yafendo. Can ba ka zata ba sai ka ji ƙyas, ɗan tsinkewa kamar an taka busasshen kara, sannan ya ci gaba. Tabon ƙugiya ke nan. Na saurara har batirin ya kusa ƙarewa. Babu hira a ciki, babu dariya, babu saƙo ga kowa. Kalmomi ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, da numfashinsa a tsakani.

A rukunin sunayen dangi na ga kalmar inna. Na taɓa. Ya faɗe ta a miƙe, sannan ya faɗe ta da kira, da jan wasalin ƙarshe. Na rufe bakina da hannu. Na ce abin nema ya samu. Matar da ɗanta bai taɓa ce mata Inna ba, yau za ta ji. A raina har na ga ranar da fulako zai faɗi ƙasa warwas, kuma ba zan yi ƙarya ba, na so in ga faɗuwar tasa.

Na jira sai washegari bayan ta karya kumallo. Na same ta a ɗakinta zaune a bakin gado. Na durƙusa ta ɓangaren damanta, na ce, "Inna, na samo wani aiki da Hamma ya bari. Akwai muryarsa a ciki."

Ba ta dube ni ba. Hannu kawai ta sa ta janye ɗankwalinta daga kan kunnen dama. Na sa mata abin ji ɗaya, na sa ɗayan a nawa kunnen, waya ɗaya ta haɗa mu. Na fara da kalmomin da ba su da nauyi.

Kindirmo, in ji Hamma. Kindirmo.

Ta ce, "Ƙara."

Na ƙara sautin har ya fara yi mini zafi a kunne. Burtali. Na ga yatsunta sun kama bakin zanin gado. Fuskarta kuwa ko gezau. Muka ci gaba, kalma bayan kalma. Da ƙyas ɗin nan ya zo ta ɗan zabura, ta ce mene ne wannan, kunnenta ne? Na ce a'a, ba kunnenta ba ne, taurin kan yayana ne ya bar tabo a wurin. Ta ce, "Uhm," kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani.

Sai na ja numfashi na taɓa inna.

Ya faɗa. Ya sake faɗa, da kiran nan. Na kafa mata ido ina jira.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, a hankali, "Kakarku yake kira. Haka yake kiranta idan ya dawo makaranta da yunwa."

Kunya ta kama ni. Na kwana ina shirya mata kyauta, ashe kayan wata na ɗauko. Ni ce nake ganin an hana ta wannan suna. Ita ba ta taɓa jiran sa daga bakinsa ba. Na fara laluben wata kalmar don in rufe shirun.

Idonta yana kan tabarma ta ce, "Ɗayar fa?"

Ban tambaye ta wace ba. Na gangara cikin jerin ina nema, don ban duba ba tun farko, kuma ban san ko ya ɗauke ta ba. Tana nan. Adda. Na karanta ma'anar da ya rubuta a ƙasa, ina fatan ko ya ƙara wani abu, ko da kalma ɗaya ce da za ta nuna ya san wadda yake nufi. Babu. Ya rubuta "yaya mace, babbar 'yar'uwa", ya sa aya. Kunyar ba a ɓangare ɗaya take ba.

Na ce, "Tana nan, Inna."

Ta gyara zama. Ta sa tafin hannu ta danne abin jin a kunnenta.

Na farko ya fito a miƙe, muryar malami. Sai ɗan shiru, ana jin numfashinsa. Na biyun ya sauke murya ƙasa, ya ɗan ja farkon kalmar, ya saki ƙarshenta da sauri. Na san wannan kiran. Haka yake yi idan ya tsaya a bayan labulen ɗakin nan, don bai taɓa shigowa ba, takalmansa kawai ake gani ta ƙasa. Babu ƙyas a ciki, ya fito tas.

"Adda."

Ba ta amsa ba. Ba ta taɓa amsa masa da bakinta ba, ko sau ɗaya. Ta juyo gare ni yadda take yi duk tsawon rayuwarsa, da muryarta ta kullum, ta ce, "Auta, tashi ki ji me yake so."

Na tashi. Wallahi na tashi, ƙafafuna suka ɗauke ni kafin hankalina ya iso. Abin jin ya fizge daga kunnena ya faɗi a kan gado. Na ɗaga labule na fita. Tsakar gida babu kowa, sai kaji a gindin randa da wankin da na shanya da safe.

A bayana na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ya fara ƙasa-ƙasa kamar tari, sannan ya buɗe. Hannuna yana kan labulen, saura kaɗan in koma in rungume ta. Sai na sake shi ya sauka. Na ja ƙofar zaure na sa sakata don kada wata maƙwabciya ta shigo, na zauna a kan turmi, na bar mata ɗakin.